Baƙin Fenti a Kan Madacin Baba

"Ɓarawo ne. Na faɗa, kuma ko a gaban ubanki sai in maimaita."

Hajiya Talatu ce ke wannan magana a tsakiyar falonta da ke Area 2 a Garki, tana kaɗa waya a fuskar 'yarta kamar mai korar ƙuda. Shigowar Hafsah ke nan daga ofis, jaka a kafaɗa, ko sallamarta ba a amsa ba.

"Momi, wa kuma?"

"Wa kike da shi? Kafintanki mana."

Kafintan nan shi ne Uthman, wanda saura mako uku a ɗaura masa aure da Hafsah. Tunda aka sa rana Hajiya ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ba kunyar suruki ta hana ta ba. Ita dai a ganinta yarinyar da ta yi digiri biyu, take aiki a ma'aikatar tarayya, ta wuce ajin mutumin da ke dawowa gida da garin katako a gira. Shekara biyu ana fafatawa kafin mahaifin Hafsah, Alhaji Sale, ya yanke magana ya ce ya ba shi. Hajiya ta ja bakinta ta yi shiru a lokacin, amma duk wanda ya san ta ya san jira take.

"Karɓi ki gani da idonki."

Hafsah ta karɓi wayar. Hoto ne na a-kori-kura a kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo, ana loda mata dogayen katakai. Uthman ne riƙe da bakin ɗaya. A gindin kowane katako akwai rubutu da shuɗin fenti, ta faɗaɗa hoton da yatsa biyu. Ta san rubutun. H.S. ɗaya, H.S. biyu, H.S. uku.

Rubutun Babanta ne.

A makon da aka haifi Hafsah, Alhaji Sale ya dasa madaci a gonarsa ta Kwali. Tun tana rarrafe take jin magana ɗaya a bakinsa: wannan bishiya gadon aurenki ce. Da ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce ya sa aka sare ta, aka tsaga ta gida goma sha biyu, ya bi kowane katako ya sa masa H.S., wato Hafsah Sale, da lamba yadda ya saba sa wa fayil. Da maganar kayan ɗaki ta taso ya ce babu kafintan da zai taɓa katakon nan sai wanda zai kwanta a kansa. Shi ciwo ya hana shi tafiya, don tun azumin bara hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu, saboda haka Uthman ya tafi Kwali shi kaɗai ya kwaso.

"Ƙila ranar da aka kawo su ne," in ji Hafsah, muryarta ba ƙarfi.

"Saukewa kika ga ana yi ko lodawa? Duba kwanan watan. Kwana huɗu bayan ya kwaso su."

"Wa ya turo miki?"

"Wanda ya damu da mutuncin gidan nan."

"Abdulbasit."

"Eh, shi. Laifi ne?"

Abdulbasit ɗan aminiyar Hajiya ne, mai mota mai sanyi da katin ma'aikata a wuya ko da ranar Lahadi. Sau uku Hafsah tana ce masa ya yi haƙuri, amma har yau bai daina kawo wa Hajiya kwandon lemo daga Zuba ba. Me ya kai shi Kugbo da kyamara a buɗe, wannan Hajiya ba ta ga dalilin tambaya ba.

"To, bari in tambaye ki abu ɗaya," in ji Hajiya, ta zauna a hannun kujera. "Wane launi kafintan naki ya ce za a yi wa gadon?"

Hafsah ta sauke jakarta ta ajiye a kan kujera.

"Ba ki ji ba ne?"

"Baƙi."

"Baƙi!" Hajiya ta tafa hannu. "Madaci, jan katako kamar goro, wanda masu kuɗi ke shafa wa mai kawai don a ga jikinsa, shi za a lulluɓe da baƙin fenti? Ni ba kafinta ba ce, amma na yi wa 'ya'yan 'yan'uwa jere ya fi sau ashirin. Ba a rufe katako mai kyau, Hafsah. Wanda ake rufewa shi ne malaina, wanda in kika jingina da ƙarfi sai ya yi kuka. Ya sayar da na ubanki, ya haɗa miki na banza, zai fesa masa fenti ki kwanta a kai kina godiya."

Hafsah ta so ta yi musu. Amma mako guda ke nan ita da Uthman suna rigima a kan wannan launin.

*

Ta kulle ɗakinta ta kira shi. Ƙarar inji ta fara amsawa kafin muryarsa.

"Hafsatu, kin dawo lafiya?"

Shi kaɗai ke kiranta haka a duniya. Da can in ya faɗa sai ta ji sanyi har tafin ƙafa. Yau haushi ta ji.

"Uthman, maganar gadon nan. Na ce maka mai nake so a shafa, ko banish mara launi wanda za a dinga ganin zanen katakon. Me ya sa ka nace wa baƙi?"

"Ai na faɗa miki. Shi ake yayi. Kuma zai dace da labulen da kika zaɓa."

"Zan canza labulen."

"Mai yana son kulawa, duk shekara sai an sake shafawa."

"Kafinta zan aura. Wa zai fi ni samun mai shafawa?"

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Hafsah ta san dariyarsa ta gaske, ba wannan ba ce.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, wannan mutumin shi ya koya mata ƙin fenti. Ranar da suka fara haɗuwa ta je sayen teburin karatu ne, ta nuna wani fari fes mai sheƙi, ya ce mata, malama, in kika ga an cika wa katako kwalliya ki tambayi abin da ke ƙasa. Ya ɗauko guntun katako ya ɗiga masa mai, ya goga da tsumma, zanen ya taso kamar an tashe shi daga barci. A ranar ta fara sonsa, ko da yake sai bayan wata biyu ta yarda da hakan.

"Katakon Baba duka suna wurinka?" ta tambaya.

Ta ji an kashe injin.

"Uthman?"

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"Eh ko a'a."

"Hafsatu, ki bar min maganar katako. Aikina ne. Ke dai ki yarda da ni."

"Na yarda da kai shekara biyu, ina faɗa da uwata a kanka. Yau tambaya ɗaya na yi maka."

"Zan yi miki bayani, amma ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Bayan biki."

Hawaye suka zubo mata. Bayan biki. Wato bayan an ɗaura, an kai ta, an watse.

"Kada ka fesa komai sai na zo," ta ce. "Ka ji ni? Kada ka taɓa shi sai na zo jibi Asabar."

Ba ta jira amsarsa ba ta kashe wayar. Ta kifa kanta a filo ta yi kuka mai isarta, tana yi tana kare shi a zuciyarta, tana kuma rushe kariyar da kanta. Mutumin da ko ƙusa ɗaya ta rage a aikin mutane sai ya mayar, shi zai ci amanar tsoho mara lafiya? To in ba haka ba, ina aka kai katakon? Me ya sa bai ce eh ba? Kalma ɗaya ce fa.

Ranar Juma'a a ofis ta yi ta buɗe hoton tana rufewa har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko rasuwa aka yi.

*

Ƙarfe tara na safiyar Asabar ta ajiye motarta a bakin layin kafintoci. Tun daga nesa warin tina, ruwan sirka fenti, ya doki hancinta, kuma daga rumfar Uthman yake fitowa.

Ta shiga ba sallama.

Ga gadon nan a tsakiyar rumfa, an ɗora shi a kan bulo huɗu. Ƙaton gado, aiki mai kyau, ko maƙiyi ba zai ce ba haka ba. Amma ƙafafunsa da gefunansa da allon ƙafa duk sun sha baƙin fenti, sun bushe. Allon kai ne kawai aka naɗe da takardar siminti aka ɗaure.

Uthman ya fito daga ciki da abin feshi a hannu, ƙyalle a hanci. Da ya gan ta sai ya sauke ƙyallen a hankali.

"Na ce kada ka taɓa."

"Shafin farko ne kawai. Lokaci ya ƙure, ga wadirob ban gama ba..."

"Na ce maka kada ka taɓa sai na zo."

Ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyon ne ya ƙarasa ta. Mai gaskiya ai kallon mutum yake yi, haka zuciyarta ta raya mata, kuma zuciyar da ta kwana biyu tana sauraren Hajiya Talatu ba abar dogaro ba ce.

Makullin mota na hannunta. Ba ta san lokacin da ta taka zuwa allon ƙafa ba. Ta kafa bakin makullin a saman allon, ta danna da duk ƙarfinta, ta ja.

"Hafsatu, kada..."

Ya makara. Fentin ya dare, makullin ya nutse cikin katakon ya bar tsagi mai tsawon tafin hannu. Ta sunkuya ta duba.

Babu ja ko ɗigo. Katakon ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya.

"Innalillahi," ta faɗa, ta dafa gadon. "Wannan ba madaci ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Ina katakon Babana?"

"Ki zauna, don Allah."

"Ba zan zauna ba! Shekara ashirin da tara yana ba bishiyar nan ruwa da bakinsa, kullum gadon Hafsah, gadon Hafsah. Ya hana kowa, ya ba ka. Ya ɗauke ka ɗa lokacin da kowa ke ce masa ya yi hankali. Nawa aka ba ka, Uthman? Da ka ce kana da matsala ai da na ba ka albashina gaba ɗaya!"

Ya ɗago ya dube ta. Idonsa ya yi ja.

"Kin ɗauka sayarwa na yi?"

"To me zan ɗauka? Na ga hoto ana lodawa a mota, na tambaye ka ka ƙi amsa, na ce kada ka fesa ka fesa." Kuka ya ci ƙarfinta, ta share da bayan hannu. "Ashe Momi ta fi ni saninka."

Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye abin feshin a kan benci, ya goge hannunsa a wando, ya ja da baya taku ɗaya.

"To, madam," ya ce. "Na ji."

A daidai lokacin aka yi hon a waje. Hafsah ta leƙa. Motar Abdulbasit ce. Hajiya ta riga ta fito, tana buɗe ƙofar baya, kuma sandar Alhaji Sale ce ta fara taɓa ƙasa.

*

Uthman ya ruga ya ɗauko kujera, ya durƙusa har ƙasa ya gaida tsohon. Alhaji ya amsa a taƙaice. Ya zauna, ya jingina sandar a gwiwa, ya daɗe yana kallon baƙin gadon.

"An taso ni ban karya ba," ya ce. Maganarsa tana ɗan ja tun ciwon, amma ana ji sarai. "An nuna min hoto a hanya. Uthman, katakona ne a hoton?"

"Su ne, Baba."

"Wannan gadon da su ka yi shi?"

"A'a, Baba."

"Alhamdulillahi, da bakinsa!" in ji Hajiya. "Alhaji, ka ji ko? Shekara biyu ina magana ana ce min ƙiyayya ce."

Abdulbasit ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa, yana wasa da makullinsa. "Daddy, ni ban so in shiga family matter ba wallahi. Kawai na zo pricing kujeru ne na ga abin da na gani."

Alhaji bai ko waiwaye shi ba. "Ina katakona?"

Uthman na durƙushe, kansa a ƙasa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Da kai nake."

"Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne."

"Ban tambaye ka mai laifi ba. Ina suke?"

Hafsah ta ji kamar ta kama shi ta girgiza. Ko ƙarya ce ya yi mana, ya ce an sace, ya ce gobara, ya ce wani abu. Amma ya kafe kamar an dasa shi.

Alhaji ya ja dogon numfashi, ya kai hannu ga sandarsa. "To. Hajiya, a kira Malam Yelwa mai raba mana katin gayyata a ce ya dakata."

Hafsah ta zauna a kan tarin katako.

"Wait, wait, Alhaji. Ka tsaya small."

Wani dattijo ne ya shigo ta ƙofar da ta haɗa rumfar da ta maƙwabta, gajere, furfura cike da kai, fensir a bayan kunne. Oga Thaddeus ke nan, mutumin Pankshin, wanda Uthman ya yi shekara tara yana koyon aiki a hannunsa. A hannunsa akwai guntun katako mai tsawon kamu biyu.

"Oga, don Allah," in ji Uthman. "Ka yi min alkawari."

"Na yi alkawari ba zan je gidansu ba. Yanzu su ne sun zo shagona." Ya juya ga Alhaji. "Sannu, sir. Yaron nan ya ce in rufe baki, na rufe sati biyar. Amma ba zan tsaya ina ji ana kira shi ɓarawo ba. Ka san wannan?"

Ya ajiye guntun a gaban tsohon. A gindinsa ga shuɗin rubutu, H.S. uku. Daga waje lafiyayye ne, ja, sumul.

"Nawa ne."

"Danna shi da sanda."

Alhaji ya ɗora bakin sandarsa ya ɗan danna. Sandar ta burma ciki kamar an soka ta a burodi. Jar ƙasa da gari suka zubo a kan takalminsa.

Hafsah ta taso ta leƙa ramin.

"Gara ne," in ji Oga Thaddeus. "Ta ci ciki, ta bar fata. Sir, yaya ka ajiye su a gona?"

Alhaji bai ɗauke ido daga ramin ba. "A ɗakin ajiya. Na shimfiɗa su a ƙasa, na jera ɗaya kan ɗaya. Na sayi sabon tampol na naɗe su, na ɗaure da igiya, don kada ruwa ya taɓa su." Ya zare sandar. "Ko iska ban bari ta shiga ba."

"Shi ne. Ɗanyen katako iska yake so, sir. A ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan itace tsakani. Wanda aka naɗe, gumi zai yi ya ruɓe, gara ta zo ta gama. Damina biyu! Da yaron nan ya kawo su muka sa zarto, kuka ya yi, Allah ya sani. Ni na ce a fitar da su kafin gara ta shiga kayan mutane. Na ce a ƙone, ya ƙi. Suna bayan gidana a Karu, goma sha ɗaya, ka aika a ƙirga."

"To wannan na gadon fa?" Hajiya ta tambaya, muryarta ta ragu. "Malaina ne ai."

Oga Thaddeus ya kalle ta kamar ta zagi iyayensa. "Madam, ka ce malaina? Iroko ne! Iroko na shekara talatin, wanda na ba shi ranar freedom ɗinsa, da ya gama koyon aiki. Ko minista ya zo ba zai samu irinsa a Kugbo ba. Yaron ya ajiye shi don ya yi aikin da zai buɗe babban shago da shi. Ya yanka duka ya sa a gadon 'yarki, sannan zai rufe da baƙin fenti kamar kayan China. Ni abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Alhaji ya juya ga Uthman. "Me ya hana ka faɗa min?"

Sai yanzu hawayen da Uthman ke riƙewa suka sauko.

"Baba, da wane baki? In zo gabanka in ce bishiyar da ka yi wa raino shekara ashirin da tara ta lalace, kuma a hannunka ta lalace? Ni da ko aure ba a ɗaura min ba, in fara da nuna maka kuskure? Ga likita ya ce a kiyaye abin da zai tayar maka da hankali. Na ce in an yi baƙi babu mai ganewa, ka shiga ɗakin ranar jere ka dafa gadon ka ji daɗi. Ita ma ban faɗa mata ba don na san fuskarta ba ta iya ɓoye maka komai."

Tsohon ya sake duban guntun katakon da ke gabansa.

"Goma sha ɗaya aka ce. Goma sha biyu ne."

Uthman ya tashi ya kwance igiyar allon kai, ya yaye takardar.

Jan katako ne, ba fenti, ba komai, an goge shi har yana ɗaukar ido. Zanen jikinsa ya tafi kamar ruwa a rairayi. Uthman ya ɗan karkato shi, a bayansa ga rubutun bai taɓa shi ba: H.S. bakwai.

"Shi kaɗai ya tsira, Baba. Ba a cikin tampol na same shi ba. A waje yake, ƙarƙashin rumfar kwano, a kan duwatsu biyu."

Alhaji ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. "Bencina ne. Na zare shi don in dinga zama in na je gona. Har ina jin haushin kaina na bar shi a waje."

Ya miƙe da ƙyar, ya ƙi hannun da Hajiya ta miƙo masa. Ya taka zuwa allon ya ɗora tafinsa a kai, ya shafa daga wannan baki zuwa wancan.

"Shi ma baƙin za ka yi masa?"

"Tun jiya nake ɗaga abin feshin, hannuna ya ƙi."

"Gara da ya ƙi." Ya juyo. "Ka yi min karamci, Uthman, amma ka so ka mayar da ni yaro. Na yi shekara talatin da biyar ina sa hannu a kan kuskurena a ofis, wannan ma zan iya. Nan gaba in na yi ba daidai ba ka zo ka durƙusa yadda ka durƙusa ɗin nan, ka faɗa min. Ka kankare wannan baƙin abin duka. A bar ja ya zama ja, rawaya ta zama rawaya. Duk wanda ya tambaya me ya sa gadon launi biyu ne, a turo min shi."

"To, Baba."

"Hajiya, a bar Malam Yelwa ya ci gaba da rabon katinsa."

Hajiya ta gyara mayafi. "Ni dai hoto na gani," ta ce, ba ta kalli kowa ba. Ta juya neman wanda ya kawo hoton, sai ta hango shi can jikin mota, waya a kunne, yana magana da wanda babu tabbacin yana kan layi.

*

Suka tafi. Oga Thaddeus ya koma rumfarsa yana mita a kan malaina. Aka bar Hafsah da Uthman da gado a tsakaninsu.

Ya ɗauko galan na tina da tsumma ya fara wanke fentin daga allon ƙafa. Bai dube ta ba.

"Uthman."

"Na'am, madam."

"Don girman Allah ka daina ce min madam."

Ya ci gaba da gogewa.

"Na yi kuskure. Na tuba. Ka ce wani abu mana, ko zagi ne."

"Ni ma na yi nawa, Baba ya faɗa min, na karɓa." Ya matse tsumman. "Da Hajiya ta ce ɓarawo, ban ji komai ba, ba ta san ni ba. Wancan mai hoton ma ban ji ba. Amma ke kin tambaye ni nawa aka ba ni."

"Tsoro ne ya kama ni. Ka yi shiru, ni kuma..."

"Na sani."

Ta durƙusa a ɗaya gefen allon, abayarta a cikin garin katako, tana kuka ba sauti. Inda ya wanke, irokon ya fito fes, ruwan zuma. A tsakiyarsa ga tsagin makullinta, ya fi yadda ta zata zurfi.

Ya sa babban yatsa a ciki ya auna.

"Wannan ya shiga da yawa. Sanfefa ba za ta cire shi ba, sai dai ta rage masa kaifi." Sai yanzu ya ɗago ya dube ta. "Dama launi kika zo zaɓa. In kina so, allon nan kaɗai in cike ramin, in yi masa fenti mai duhu, Baba ba zai ce komai ba, babu wanda zai taɓa sani. In kuwa mai ne, mai ba ya rufe komai. Ƙara fito da shi zai yi. Kuma saitin idonki yake, kullum kika farka shi za ki fara gani."

Hafsah ta kalli tsagin. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Mai."

"Ki yi tunani. Ba a canzawa in ya sha."

"Na ce mai. Ni na yi shi, bar min abina in dinga gani."

Bai ce ya yafe ba. Ya miƙa hannu kan benci ya ɗauko ɗan katakon da aka naɗe da sanfefa, ya ajiye a gabanta, ya koma wankin fentinsa.

Ta ɗauka ta fara gogawa da ƙarfi, gaba da baya, a gicciye, hawaye na ɗiga a kan katakon. Ya saurari ƙarar na ɗan lokaci. Ya yi ƙoƙarin sharewa, amma kunnen kafinta bai iya jure wannan ba.

Ya kama ɗaya bakin katakon sanfefar, ya juya shi ya daidaita da tsawon allon.

"Ba a gitta masa. Bi zanensa a hankali, Hafsatu."